Dankalin Keziah

Kwarin Renfro, Tennessee
Farkon watan Maris

Zuwa ga ƙanwata Deanna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Curtis da 'yan matanki biyu, kamar yadda muke nan lafiya lau. Allah ya ƙara muku lafiya, ya kiyashe ku da sanyin Montana ɗin nan naku, wanda har yau ban gane abin da zai sa mai hankali ya zauna cikinsa da gangan ba. Mu nan ƙanƙara ta narke, rafi ya cika, furanni sun fara leƙowa a bakin maƙabarta. Maigidana Wendell yana gaishe ki. Bayansa ya yi sauƙi, sai dai ciwon yakan taso duk ranar da na ce a hau a gyara rufin rumbu. Gwaggo Ozella ta cika shekara casa'in da ɗaya a watan jiya, ta fi kowa cin abinci a wurin, kuma ta gaya wa fasto a idonsa cewa addu'arsa ta sa miya ta huce. In kin ji haka kin san ta warke. Yadda aka yi ta warke kuwa shi ne dalilin wannan takarda.

Amma kafin ki ci gaba da karatu, ki buɗe kwalin da ya zo tare da ita. Za ki ga dankali ƙwaya ɗaya a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, da 'yan rassa uku a soke a jikinsa, kowanne kaurin fensir. Kada ki dafa shi. Kada ki bar Curtis ya dafa shi. Ki sa shi can ƙasan firiji, sannan ki dawo ki zauna.

Akwai abin da na ɓoye miki tun bara, domin duk lokacin da na ɗauki waya in gaya miki, sai bakina ya cika da kalmomin da ba su dace da matar da ke koyar da yara a coci ba. Harlan ya sare itacen tuffar. Ƙwarai kuwa, wadda kika sani, ta bayan gidan Gwaggo, tuffar da Mahala kakar kakanmu ta zo da reshenta daga Virginia tun kafin yaƙin basasa, wadda aka yi ta ɗaura wa sabon gindi aure duk lokacin da tsohon ya gaji, har ta iso gare mu. A watan Afrilun bara aka yi wa Gwaggo aikin ido, na ɗauko ta ta yi jinya a gidana. Ɗanta tilo, taubashinmu, mutum mai shekara sittin da furfura har a kunne, ya ga ya sami sarari. Ya ce itacen ya rube a ciki, yana jingine da shinge, kuma yana bukatar wurin ajiye kwalekwalensa. Ya sare shi, ya kawo inji ya tone kututturen, sannan ya ƙyafe talotalo da itacen ya kawo wa uwarsa a faranti, wai ya yi mata bazata.

Da na tare shi a tsakar gida, kin san abin da ya ce mini? Wai in kwantar da hankalina, ai shi ba wawa ba ne, ya yi tanadi. Ya shiga mota ya ɗauko kwalba cike da ƙwayar tuffa yana kaɗa mini ita a fuska. Deanna, iri ya tara! Duk kwarin nan babu wanda bai san cewa in ka shuka ƙwayar tuffa ba za ta haifi irin uwarta ba, sai dai wata aba mai tsami da ko awaki sai sun yi shawara kafin su ci. Na ce masa shi kansa hujja ne a kan haka, tunda daga Gwaggo ya fito. Ya ce in dai baki ne, tun muna yara ya san Allah ya ba ni rabon mutum uku. Na ce shi kuma aka manta da shi ranar rabon kai. Wendell ne ya janye ni.

Gwaggo ba ta yi faɗa ba, kuma abin da ya tsorata ni ke nan. Da muka mai da ita gida, ta tsaya a taga da sabon idonta, ta dubi kwalekwale a inda itace yake, sai ta ce a juya mata kujerarta ta fuskanci bango. Daga ranar ta rage cin abinci. Ta daina yi wa Harlan magana, in ya shigo sai ta tambaye ni ko ƙofa ce iska ta buɗe. Likita ya duba ta sama da ƙasa bai ga komai ba. Ni ta gaya mini abin da ke damunta. Ta ce mata huɗu suka riƙe itacen nan kafin ita, cikin yaƙi da yunwa da fari, sai a hannunta ya mutu, kuma ba ta san da wace fuska za ta je ta same su ba. Rigunanta suka fara yi mata yawa. Na ga in ban nemo tuffar nan ba, kafin hunturu za mu binne ta.

Kin tuna al'adar gidanmu ta dā, cewa duk 'yar da za ta yi aure ana yanka mata reshe ta tafi da shi. To, na ce in haka ne, itacen yana nan da rai a bayan gidan wani, sai dai a bi sawun matan. A nan ne na gane amfanin shekarun da na yi ina aiki a ɗakin karatu na gunduma, a nan ne kuma haushina ya ƙaru. Littafin tarihin zuriyarmu ta Renfro da marigayi Baffa Clifton ya buga, wanda kowa ke ajiyewa kusa da Littafi Mai Tsarki, ya bi kowane namiji har da sunan alfadarinsa. Mata kuwa, da zarar an ɗaura aure sai su ɓace kamar ruwa ya cinye su. Haka na yi ta tono su ɗaya bayan ɗaya, daga takardun ƙidaya da duwatsun kaburbura da bakin tsofaffi. Na kusa da mu ba su daɗe ba na gama da su: waɗanda suka tafi aikin masana'anta a Ohio da Michigan ba su da ko tsakar gida, wasu an sayar da gonakin an yi kantuna. Sai na koma can sama, kan 'ya'yan Mahala mata guda uku. Gonar Drusilla tana ƙarƙashin ruwan madatsa, masu irin kwalekwalen Harlan suna kamun kifi a kanta. Parthenia ta tafi Texas, na sami jikan jikanta, likitan haƙori, mutumin kirki, amma tambayarsa ɗaya ita ce ko akwai janar a zuriyarmu. Na ce babu, sai dai muna da wanda ya ci itace da yaƙi.

Saura Keziah, ita kuwa ban ko neme ta ba, domin kowa ya san labarinta. Ubanta Absalom, mijin Mahala, ya bi ɓangaren Arewa a yaƙin basasa, ya rasa ɗansa na fari a can. Ana gama yaƙi Keziah ta ce ita sai wani ɗan gidan Pruett da ya yi wa Kudu soja. Absalom ya rantse ba za ta fita da ko tsinke daga gonarsa ba, balle reshen tuffa, kuma ba za a sa sunanta a dutsen iyali ba. Ta tafi ba gado ba tukunya, sai buhun dankali. Da wannan aka yi ta razana mu muna yara, in yarinya ta yi taurin kai a ce mata za ta tafi da buhun dankali kamar Keziah. Baffa Clifton layi ɗaya ya ba ta, wai ba a san ƙarshenta ba. To wa ya nema?

Ranar nan a watan Agusta ina zaune wurin Gwaggo ina lallashinta ta sha romo, sai maƙwabciyarta ta aiko mata da furen wardi guda ɗaya mai dogon kara. Gwaggo ta jujjuya shi, ta ce in miƙo mata dankali daga kwando. Ta huda shi da ƙusa, ta soke karan a ciki, ta ajiye a taga. Na tambaye ta wannan kuma mene ne. Ta dube ni kamar na tambayi amfanin cokali. Ta ce duk karatun nan nawa ban san haka ake tafiya da reshe ba? Kakarta ba ta taɓa ɗaukar reshen komai zuwa ko'ina ba sai a cikin dankali, don damshinsa ya hana shi bushewa, mu ne 'yan zamani muka koma leda da jiƙaƙƙiyar jarida. Deanna, sai da na ajiye kwanon romon don kada ya zube. Na tambaye ta a wane lokaci Keziah ta tafi. Ta ce kakarta ta ce rafi a daskare yake, keken doki ya bi ta kan ƙanƙara, wajen Fabrairu ke nan. Na ce wa ya haɗa mata buhun. Ta ce wa kuwa, in ba uwarta ba. Na ga bakinta yana motsi. Fabrairu, watan da ake yankan reshe. Ta ce, "Kai, Mahala! Kai, tsohuwar nan!" Ta yi dariya har da tari, sannan ta ce in ba ta romon.

Ki duba fa. Shekara ɗari da hamsin da wani abu muna ba da labarin nan a matsayin abin kunya, alhali labarin wata mata ne da ta dubi mijinta ta ce to, ta juya ta yi abin da ta ga dama a gaban idonsa. Ƙila ma shi ya ɗora buhun a keke. Na je maƙabarta na tsaya a kan kabarin Absalom na gaya masa haka, Allah ya ji ƙansa.

Neman 'yan Pruett ya ci mini sauran damina. Abin da aka sani kawai shi ne sun yi yamma, wajen duwatsun Arkansas. Sunan kuwa a can kamar ciyawa yake. Na yi ta buga waya coci-coci ina tambayar ko akwai wata Keziah a maƙabartarsu, har wata mata ta ce akwai, kuma in dai zancen zuriyarta ne in nemi Lavonne, wadda ta yi shekaru tana tuƙa motar 'yan makaranta kuma ta san uban kowa. Da na buga na faɗi sunana, Lavonne ta ce, Renfro? Waɗanda suka kori kakarmu? Ta ce lalle mun yi sauri, ko doki ne ya gaji a hanya? Na ce mata in tana neman wanda za su zagi Absalom tare, ta samu, amma ni tuffa nake nema, mummuna, mai kaushin fata ruwan ƙasa, wadda in an tsinke ta a Oktoba kamar dutse take, sai Kirsimeti ta yi zaƙi. Sai ta ce, ai tuffar dankali nake nufi. Haka suke kiranta. Ta ce ba wanda ya san dalilin sunan, su a zatonsu don muninta ne.

A Oktoba muka tafi. Gwaggo ta ce ƙafarta ƙafata, likita ya ce a'a, ta ce ba shi ta tambaya ba. Harlan na sa ya tuƙa mu, tunda motarsa ce babba kuma laifinsa ne babba. Muna hawa babban titi ya taka mota, sai muka ji murya daga baya, maganar farko da ta yi masa tun Afrilu. Ta ce, "Kai, ka kashe itace, kada ka haɗa da uwarka." Deanna, ƙaton nan sai da ya ratse gefen titi ya share ido, wai ƙura ce. Daga nan har muka isa ba ta bar shi ya huta ba, ta gyara masa tuƙi, ta gyara masa aski, ta gyara masa auren da ya mutu tun shekara ashirin. Shi kuwa sai murmushi yake yana cewa to, Mama.

Lavonne doguwa ce mai murya kamar tana kiran yara daga ƙarshen mota, kuma haɓarta irin ta Babanmu ce sak, har na ji wani iri. Ba ta ce mu shiga ɗaki ba, ta zagaya da mu bayan akurkin kaji. Itace uku ne a jere, sun yi 'ya'ya har rassa na taɓa ƙasa. Ni da na gani na riga na sani, amma ba ni ce alƙali ba. Aka kawo wa Gwaggo kujera. Ta karɓi tuffa ɗaya ta shinshina wajen gindinta, ta ce a raba mata ita a kwance, ta dubi tsakiyar, ta kankari naman da cokali saboda haƙoranta na kanti ne, ta sa a baki. Fuskarta ta yamutse don tsami. Ta ce a ba ta gishiri. Ta barbaɗa, ta ƙara kankara, ta ci gaba da ci har ta kai ɓawo. Sannan ta miƙa wa Harlan ɓawon ta ce ya riƙe, wannan shi ne rabonsa. Ba ta taɓa cewa ita ce ba. Ta dai nemi ta biyu.

Da muka shiga ciki Lavonne ta kawo burodi da markaɗaɗɗiyar tuffa ta bara. Gwaggo ta ɗanɗana ta ce kirfa ta yi yawa. Lavonne ta ce haka Keziah take yi. Gwaggo ta ce to Keziah ta ɓata, ba haka Mahala take yi ba. Lavonne ta ce da Mahala ta iya tsawata wa mijinta kamar yadda ake cewa ta iya girki, da yanzu duk a Tennessee ake wannan gardama. Gwaggo ta buga tebur ta ce wannan yarinya tamu ce. Yarinyar fa ta haura saba'in.

Washegari ta kai mu kabarin. Keziah ba ta ɓace ba, Deanna, mu ne muka rufe ido. Ta kai tsufa sosai, ta haifi tara, ta yi ungozoma har ana cewa rabin gundumar a hannunta suka faɗo. 'Yarta ta fari Mahala ta sa mata. Zuriyarta sun fi mu yawa nesa ba kusa ba, akwai malaman makaranta da makanikai da masu kiwon kaji, har da wata mai tuƙa jirgin sama. Abin da ya fi taɓa ni kuwa, har yau duk 'yarsu da za ta yi aure sai an ba ta reshe. Mu da muka zauna a gindin itacen muna taƙama da suna mun bar al'adar ta mutu, korarriya ce ta riƙe mana ita. Gwaggo ta sa aka tsayar da ita a kan kabarin, ta ajiye tuffa ɗaya a kan dutsen, ta ce, "Gwaggo Keziah, mun zo a makare, ki yi haƙuri, mazan gidanmu ne suka tuƙo mu."

Lavonne ta ce za ta ba mu reshe, amma ba a Oktoba ba, sai itace ya yi barci, kuma da sharaɗi biyu. A sassaƙa sunan Keziah a dutsen iyali kusa da na 'yan'uwanta, kuma wanda ya sare shi ne zai zo ya ɗauka da ƙafarsa. Haka aka yi. A watan jiya Harlan ya koma Arkansas shi kaɗai cikin sanyi, ya dawo da buhu a kujerar gaba, ya ɗaura masa bel kamar jariri. Lavonne ta ƙi leda, ta ce tunda yanzu ta san dalilin sunan, yadda tuffar ta tafi haka za ta koma. Ranar Asabar da ta wuce muka yi auren rassan a kan ƙananan gindi shida. Gwaggo na kan kujera tana ba da umarni, ni da wuƙa, Harlan na haƙa rami a daidai inda kwalekwalen yake a dā, don kuwa ya riga ya sayar da shi ba wanda ya ce masa. Ya yanke babban yatsa, na ce Allah ya sa ya zama taki. Ba za mu san ko sun kama ba sai Mayu, in ganye ya fito. Amma Gwaggo ta juyo da kujerarta ta fuskanci taga. Na gaya mata sai shekara huɗu ko biyar kafin su yi 'ya'ya. Ta ce to, sai ta jira, ba inda za ta.

Yanzu ga maganar da ta shafe ki. Kafin mu fara aikin, Gwaggo ta zazzage buhun a cinyarta, ta zaɓi dankalin da rassansa suka fi ƙiba da yawan ido, ta ajiye gefe, ta ce wannan ba na nan ba ne, na Deanna ne. Ban manta ranar da kika tafi da Curtis ba, Baba na tsaye a baranda yana cewa soja ne ba shi da gona ba shi da asali, kuma za ki tafi da buhun dankali kamar Keziah. Kin yi kuka har bakin hanya. Baba ya tafi inda ba a gardama, Allah ya gafarta masa, kuma na san a ƙarshe hoton 'yan matanki ne a aljihunsa. Amma kin fita gidan nan ba a yanka miki reshenki ba, kuma abin yana ci mini rai shekara talatin. Ki nemi mai sayar da dashe a garinku ya ba ki gindin da ke jure sanyinku, in ido ya fara kumbura ki kira ni in bi da ke yankan ta waya. Rassa uku ne: ɗaya naki, biyu na Shelby da Corinne, don in lokacinsu ya zo kada su fita hannu wofi.

Ranar gyaran kaburbura ta bana Lahadi ta biyu ce a watan Yuni. Mai sassaƙa ya yi alkawarin gama sunan kafin nan. Lavonne ta ce za su zo da mota cike, kuma za ta kawo tata markaɗaɗɗiyar don a yi hukunci a gaban jama'a. Ki zo, Deanna. Ɗakinki yana nan, na kwashe littattafaina daga kan gadon, ko in ce rabinsu.

Ki gaishe mini da Curtis, ki ce masa na daɗe da yafe masa Montana. Ki gaishe da Shelby da Corinne, da surukarki Mama Ardith, Allah ya ba ta sauƙin ƙafa. Gwaggo Ozella tana gaishe ku, ta ce a hoto kin rame. Wendell yana gaisuwa daga kwance. Harlan ma ya ce in gaishe ki, na ce zan yi shawara, ga shi dai na rubuta.

Baba ya ce da dankali za ki tafi. To, ya daɗe a hanya, amma ga shi ya iso.

Taki har kullum,
Yayarki Rhonda